Muryar Baba a Bakin Aku

Zuwa ga Baffa Mai Agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Goggo da agogunan da ke rataye a shagonka, masu tafiya da waɗanda suka gaji suka tsaya. Ya ƙafar? Kunnen ba sai na tambaya ba. Na kira ka a waya bayan rasuwar Baba, ina ta gaishe ka kana ta gaya mini agogona bai gyaru ba, in dawo jibi. Shi ya sa na koma takarda, direban motar kaya da ke bi ta wajenku zai miƙo maka. Ka yi haƙuri da rubutun, na makarantar allo ne, boko bai san da zamana ba.

Aku ne, ɗan ɗan'uwanka kafinta. In ka manta ni agogunanka ba su manta ba. Ni ne yaron da aka kawo muku hutu ya juya su duka, ka yini kana musu da mutane a kan ƙarfe nawa.

Mu nan da sauƙi. Umma tana shan maganin hawan jini idan an tsaya a kanta. Yaya tana leƙowa daga gidan mijinta, ta yi kuka ta yi mini faɗa ta koma. Ni nake buɗe shagon Baba yanzu. Kujerun da nake yi suna tsayuwa da ƙafarsu, in dai mai zama bai cika motsi ba.

To Baffa, ga abin da ya kawo ni. Waƙa nake haɗawa a kan Baba. Akwai wani mai situdiyo a bayan layinmu, ni na buga masa katakon ɗakin, shi kuma ya ce duk ran da na shirya in zo. Waƙar mai sanyi ce, irin ta zamani, da fiyano da jita, ba ta rawa ba. A guntayen katako nake rubuta baitocin da fensirin awo, saura kaɗan Umma ta hura wuta da baiti na biyu. Ga farkonta:

Baba na buɗe shago, na share ƙofa,
Zartonka na rataye, ya ƙi cin katako,
Na auna, na sake awo, bai kai ba,
Baba, kana ji na?

A nan wurin shi zai amsa. Ka san ni da baki, tun ina ƙarami nake ɗaukar muryar mutane, shi ya ja mini wannan sunan, kuma a ta Baba na fi ƙwarewa. Da tarin, da "to, to, to" ɗin nan nasa, har da tsakin da yake ja idan ƙusa ta lanƙwashe. Zan sa tsohon ya yi waƙa ko yana so ko ba ya so, duniya ta ji tarinsa.

Umma ta ce lokacin kuna samari, da aiki ya raba ku, kaset kuke aika wa juna maimakon takarda. In akwai wanda ya rage a wurinka, ka ba direba ya kawo mini, in saurara in daidaita. Ai kai ba jin sa kake yi ba.

Naka,
Aku

*

Baffa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun. Mu lafiya, sai Umma da ta yi fama da ciwon kai, ya sauka.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa. Ya rantse mini a hannunka ya sa takardar, ka maƙala ɗan madubin nan naka a ido ka karanta a gabansa, ka ninke, ka ɗora agogon tebur a kai. Ya ce ko "sannu da hanya" bai samu ba. Na ce masa ƙila ka ɗauka sammaci ne.

Baffa, ba wasa nake ba. Na san haka nake cewa duk lokacin da nake wasa, amma ba ni da wata hanyar faɗa. Kaset ɗin nake roƙo. Ko aron yini ɗaya ne, direba ya tsaya a kaina in ji ya mayar maka. Kullum in na ji ƙarar babbar mota a bakin titi sai in yar da guduma in fita, har maƙwabcina mai walda ya fara tambaya ko budurwa ce za ta zo a motar siminti.

In babu, ka ce babu, in san matsayina.

Aku

*

Zuwa ga ɗana Aku,

Wa alaikumus salam. Takardunka duka sun iso. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Goggonka tana gaida mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata haƙuri da lafiya.

Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Kunnena ne ya mutu, idona yana gani. Da hannunka ka rubuta cewa za ka sa tsohon ya yi waƙa ko yana so ko ba ya so, duniya ta ji tarinsa. Tarin nan shi ya kai shi kabari. Garin katako ya yi ta shaƙa shekara da shekaru don ku ci ku sha. Da ransa ka mayar da shi abin dariyar 'yan layi, ya ƙyale ka saboda shi mai haƙuri ne. Yanzu ba shi da bakin hana ka. Ni ina da shi.

Kaset akwai, ɗaya ya rage. Ka ce ba jin sa nake yi ba. Ina ji. Manna kunnen hagu nake yi a jikin rediyo in ƙure murya, Goggonka ta tattara ta fita waje. Ni da mahaifinka ba uwa ɗaya ba ne, ba uba ɗaya ba, iyayenmu maza ne wa da ƙani, amma tabarma ɗaya muka kwana a kai har gemu ya fito mana. Ba zan ba da shi a kai ɗakin kiɗa a yi ta ƙyalƙyala dariya ba.

Ka riƙe shago, ka riƙe mahaifiyarka. In waƙa ta zame maka dole, ka yi a kan wani abu daban.

Baffanka

*

Baffa,

Na gaishe ka, na gaida Goggo. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Umma lafiya. Ni ne dai babu lafiya, kuma ba irin wadda likita ke dubawa ba.

Na karanta, kuma ba ka yi mini ƙarya ba, haka na rubuta. Bakina ne haka, ko gaisuwar mara lafiya na je sai na tsare shi da hannu. Amma bari in gaya maka abin da ke bayan wasan.

Kafin in rubuto maka takardar farko na riga na shiga situdiyo. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an manna soso a bango, ka sa abin ji a kunne ka tsaya gaban makirfo, mai situdiyo yana bayan gilashi shi da abokansa. Na yi baitin farko, na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai, na ce a raina ta kama. Na ce "Baba, kana ji na?" sannan na juya murya na amsa, na yi tarin, na ce "to, to, to, na ji." Baffa, sai da ɗaya ya zamo daga kujera. Dariya suke har da riƙe ciki. Mai situdiyo ya danna abin magana ya ce, "Aku, ka kashe mu. Wannan ko yau aka sake ta sai ta zaga gari." Na ce masa waƙar kuka ce. Ya ce, "To ai ga hawayen," yana share ido da hularsa.

Na ce ƙila su ne ba su da hankali. Na koma shago na yi ta gwadawa ni kaɗai, ina rage tarin, ina sassauta murya. Ban san Umma ta shigo kawo mini shayi ba. Ta tsaya har na gama, ta ajiye kofin a kan benci ta ce, "Wannan kuma wa ka samu? Mai gadin makarantar can ne?" Ba gatse take yi ba, na kalli idonta. Matar da ta zauna da shi tun kafin a haife ni, ba ta gane shi ba.

Tun ranar nake neman muryarsa a cikin kaina. In na rufe ido ina ganinsa sarai, fensir a bayan kunne, ƙusa a baki, yana kanne ido ɗaya yana duba ko katako ya miƙe. Sai ya cire ƙusar zai yi magana, sai tawa ta fito, ta wasan nan mai tarin ƙarya. Kamar allon da aka wanke aka rubuta wani abu a kai. Na bi wayata kaf. Cike take da muryar Baba, kuma duk ni ne. Na yi shi yana ciniki, na yi shi yana faɗa da mai kawo katako, na yi shi yana neman tabaransa alhali yana kan hancinsa. Shi kansa ko sallamarsa babu. Ba ya son waya, in ka kira shi "to" yake cewa ya kashe. Na tambayi Yaya, na tambayi mai walda, na tambayi masu ba shi aiki. Kowa sai ya ce yana da ita, ya turo mini, in buɗe in ji ni ne.

Ban taɓa tunanin in ɗauke shi a waya ba, Baffa, tunda ga shi a bakina kullum.

Lokacin muna makaranta in na kakare a hadda, kalma ɗaya malam yake jefo mini, sauran su zubo da kansu. Ita nake roƙo a wurinka. In na ji kalma ɗaya da muryarsa ta gaskiya, na san saura zai dawo.

Mai situdiyo yana matsa mini a saki ta dariyar. Na hana, amma a na'urarsa take, ba a tawa ba. In ka ce kada kaset ya taka situdiyo, ba zai taka ba. In ka ce in bar waƙar ma, ban san me zan ce ba, amma ka fara ba ni in ji. Kullum na tashi sai in tarar wani abu ya ƙara gogewa. Jiya ina cikin goge ƙafar tebur na nemi yadda yake kiran sunana na rasa. Na san yana ja a ƙarshe, ko a farko ne, ban sani ba.

Don Allah, Baffa.

Aku

*

Ɗana,

Aminci ya tabbata a gare ka da mahaifiyarka. Muna lafiya. Takardarka ta same ni da agogon wani a buɗe a gabana, na rufe shi ban koma kansa ba ranar. Goggonka ta sa na karanta mata, ta ce kaina ya fi kunnena tauri.

Na yi maka mummunar fahimta, ka yafe mini. Ga kaset nan a cikin gwangwani, na naɗe shi da auduga. Na ja wa direba kunne kada ya ajiye shi a gaban mota inda rana ke duka. Zaren ya tsufa. Kada ka tura shi gaba ko baya da na'ura, ka zura biro ka juya a hankali. Ka nemi rediyon da ba ya cin zare, kuma ka fara gwada shi da wani kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kada ka ba kowa ya riƙe, har mai situdiyon naka.

Ya aiko mini shi ne lokacin yana koyon aiki a wani wurin yankan katako, kafin ya auri mahaifiyarka. Ban sani ba ko shi ne abin da kake nema. Ni dai a wurina shi ne shi.

Ban ce ka bar waƙa ba, ban kuma ce ka yi ba. Ka ji tukuna. In ka gama ka dawo mini da shi, ba ni da wani.

Baffanka

*

Baffa,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya kai da Goggo, ka ce mata na gode da ta tsaya mini. Umma lafiya, jinin ya ɗan hau ya sauka. Kaset ya iso lafiya, ga shi na mayar da audugarsa, ko ƙura bai ɗauka ba.

Rediyo sai da na zaga gari. A wurin wani tsoho mai wanki da guga na samu, ya ce in na lalata masa ni zai goge. Na rufe shago da rana tsaka, na zauna a bencin Baba, na danna. Ya yi shuu na ɗan lokaci, sai wani ya yi sallama.

Baffa, wani saurayi ne. Murya siririya, magana da sauri kamar ana bin sa, babu tari ko ɗaya. Yana ba ka labarin takalmin da ya saya ya matse shi, yana cewa ka dawo masa da rigarsa mai aljihu biyu, yana dariya tun kafin ya kai ƙarshen zance. Na girme shi, Baffa. Na juya ɗaya gefen, shi ne dai. Na kira Umma ta zo ta ji, ta toshe baki da mayafi, ta ce shi ne, haka yake lokacin da yake zuwa ƙofar gidansu. Ta zauna a kan garin katako da zaninta mai kyau har aka gama.

Ita ta sami nata. Kai kana da naka. Ni wannan ban san shi ba. Da a tasha na haɗu da shi cewa zan yi ya matsa in zauna. Nawa mai gajiya ne, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda katako ya riga ya cinye wa ƙirji, kuma shi babu wanda ya ɗauka. Na yi ta jiran kalmar nan ɗaya har zare ya ƙare, abin ya yi ƙas ya tsaya. Ba abin da ya zubo.

Na so in yi kuka bai zo ba. Na ɗauki wayata na goge duk na wasan, ɗaya bayan ɗaya, ko zai dawo in an ba shi wuri. Bai dawo ba.

Washegari na je situdiyo. Na tsaya a kan mutumin sai da ya goge ta dariyar a gabana, yana ta cewa na zubar da arzikina da hannuna. Muka sake ɗauka. Na kai "Baba, kana ji na?" na yi shiru, fiyano ya ci gaba shi kaɗai. Ya tsayar ya ce, "Ka manta amshi." Na ce babu amshi. Ya ce, "Mutane za su ɗauka wayarsu ce ta lalace. Ko mu sa 'yan mata su ɗan yi guna-guni a wurin?" Na ce duk wanda ya sa baki a wurin nan sai na zare ƙusoshin da na buga, ɗakin ya sauko masa a ka. Ya kalli rufin, ya kalle ni, ya ce mu ci gaba.

Na ƙara baiti ɗaya a ƙarshe, a tsaye na yi shi, ban rubuta a katako ba:

Na ari muryarka na tafi wasa,
Na daɗe a waje, rana ta yi nisa,
Na zo mayarwa, ban tarar da kowa ba,
Baba, kana ji na?

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Wanda ya zamo daga kujera rannan ya tashi ya fita, wai zai sayo ruwa, bai dawo ba.

Na sa an juye maka ita a sabon kaset tunda kai da waya ba kwa shiri, yana cikin gwangwanin tare da naka. Ka manna kunnen hagu. In ka ji shiru ba kunnenka ba ne, wannan karon kowa haka yake ji.

Ban san abin da zan yi da kaina ba, Baffa. Na ɗauka in waƙa ta ƙare zan samu sauƙi. Ta ƙare, shi kuma bai dawo ba. Ina buɗe shago in zauna in rufe. Mai walda ya ce in yi masa muryar mai unguwa ko ɗaya ce ya yi dariya, na buɗe baki na ji tsoro.

Aku

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ba mahaifiyarka lafiya mai ɗorewa. Gwangwani ya iso, nawa yana nan kamar yadda na ba da, na gode.

Na sa naka da hantsi a shago, ga wani mutum a tsaye yana jiran in sa wa agogonsa batir. Ban san kan kiɗan zamani ba, ba zan ce maka ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Na dai manna kunne. Da ka ce "Baba, kana ji na?" sai na ji bakina ya ce "Na'am, ina ji." Da ƙarfi kuma, ka san mu kurame ba ma sanin inda muryarmu take kaiwa. Mai batir ya ce da wa nake. Na ce da ɗana. Haka na yi ta amsawa har waƙar ta ƙare, na kasa hana kaina. Na ɓata maka shirun, ka yi haƙuri.

Muryar da kake nema ba ni da ita, kuma ba zan yaudare ka in ce za ta dawo ba. Ni ma ta tsufansa ban riƙe ba, kunnena ya riga ta tafiya. Amma na san abubuwan da ya faɗa, da yawa, tun muna yara har zuwansa na ƙarshe, kuma rabinsu a kanka ne. Ka rufe shagon nan kwana kaɗan ka biyo direba. Ka zauna ta haguna ka yi ta tambaya, ni kuma in yi ta ba ka da tawa muryar. Mummuna ce amma tana fita.

Baffanka

*

Baffa,

Gaisuwa gare ka da Goggo. Muna lafiya. Umma ta ce in je, Yaya za ta zo ta zauna da ita. Zan biyo direba a tafiyarsa ta gaba, ya ce wuri akwai a baya tare da buhuna.

Ba ka ɓata komai ba.

Abu ɗaya nake roƙo, don na san halina. Kafin in kwana biyu a gidanka zan fara ɗaukar muryarka, Goggo za ta yi dariya, ni kuma in ƙara gishiri. Kada ku bari. Kai ba za ka ji ba, don haka ka gaya wa Goggo, da ta ji na fara ta ɗauki ludayi ta sauke mini a ka, ba sai ta yi sallama ba. Wayata babu komai a cikinta yanzu. Zan kunna ta in ajiye a kan teburinka, kusa da bakinka. Ka yi ta magana, Baffa, ko faɗa ne. Ni zan yi shiru.

Ɗanka,
Aku